Naman da Ya Dawo daga Ɗakin Baffa

Sintali, Jalingo
Fabrairu, 2022

Asta, ƙanwar miji abar tsoro,

Assalamu alaikum. Da fatan kin isa Malesiya lafiya, kin kuma fara koyon noman shinkafar da ya sa kika tsallake teku, alhali ga ta nan birjik a bakin Mayo Gwoi. Mu nan lafiya lau. Hammanki Muntasir ya koma wurin aikinsa a Gembu, sai ƙarshen wata. 'Yarmu Hamna ta koma makarantar kwana. Gidan ya rage daga ni sai Baffa sai mage.

Ki yi haƙuri da doguwar wasiƙa ta imel. Saƙon murya ba zai yiwu ba. Kin san bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da na Baffa, kuma kunnensa ya fi na kowa a unguwar nan. Ba zan zauna ina maganar jikin surukina da baki yana ji ba. A ofishin malamai nake rubutawa, in an fita tara.

Jikinsa da sauƙi sosai. Wanda ya gan shi bara, lokacin da sai an kama shi yake tashi daga shimfiɗa, hannu ba ya kaiwa ka balle ya sa hula, ba zai yarda shi ne ba. Yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci, da yamma ya zauna a zaure da jaridarsa. Makiyaya sun dawo da kawo masa ƙarar shanunsu, wai har gobe shi ne malamin dabbobi, ritaya ba ta shafe su ba. Kumatu sun fito, wuya ya yi kauri, maƙwabta sai barka suke yi mini wai girkina ya karɓe shi. Ban musa ba, ko da yake kin gaya mini aikin maganin ne.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ke kika yi zirga-zirgar asibiti, ke kika ji bayanin likita, kika kwashe shi a kanki kika hau jirgi. Ni abin da kika bar mini leda ce cike da ƙwayoyi. Jiya da na ajiye tiren karin kumallo a bakin ƙofarsa, sai ya ce ta bayan labule, "Kanawa, wannan magani ba shi ƙarewa ne? Ai na warke." Na ce zan tambaya. Har yanzu Kanawa yake kirana, ni da aka haifa a unguwar Barade a nan Jalingo, Kano sau biyu na taɓa zuwa. Tun da aka kawo ni gidan nan, wannan ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi.

Sai ki gaya mini amsar da zan ba shi.

Matar Hammanki,
Furera

*

Malesiya
Maris, 2022

Adda Furera,

Wa alaikumus salam. Na iso lafiya, ina kuma lafiya, sai dai zafi da gumi da miyar da komai sai an sa mata madarar kwakwa. Ki bar yi wa karatuna dariya, ranar da na ninka muku amfanin gona za ki zo kina lallaɓa ni.

Amsar Baffa ita ce bai warke ba tukuna. Dokta Rufus ya ce sunan ciwon polimayaljiya. Na manya ne, waɗanda suka haura hamsin. Yana kama kafaɗu da ƙugu, su sage, ya fi tsanani da safe. Ya ce ba kasafai ake ganinsa a ƙasarmu ba, shi ya sa muka yi watanni muna yawo ana ce mana sanyin ƙashi ne. Ƙwayar nan firednisolon ba kashe ciwon take yi ba, danne shi take yi har ya gaji ya lafa don kansa. Ana rage ta a hankali, shekara ɗaya, biyu, wani ma ya wuce haka. Kusan rabin masu ciwon yana taso musu in an yi ƙasa da ita, sai a ɗan ƙara a sake saukowa. Abin da ba a yi shi ne yanke ta rana ɗaya. Don Allah kada ki bari ya yi wa kansa likita, kin san shi, yana ganin wanda ya yi wa bijimi allura ya san komai.

Akwai kuma ɗan'uwan ciwon, wanda ya fi shi mugunta, mai kumbura jijiyoyin jini na kai. Ba kowa yake samu ba. In Baffa ya ce kansa na ciwo, ko ganinsa ya yi dishi-dishi ko da na ɗan lokaci ne, ba a jiran gobe. Ido ake gudu, don in ya tafi ba ya dawowa. Na faɗa masa da Fulatanci, na faɗa wa Hamma, yanzu ga ki.

Ranar da zan taho ya ce mini yana so ya karanta takardar digirin nan da ta raba shi da autarsa, shafi-shafi, ya ga ko ta isa. Ki riƙe mini idonsa har in kawo ta.

Taki,
Asta

*

Sintali
Nuwamba, 2022

Asta,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, damina ta yi kyau, an yi gyaɗa. Hotunan da kike turowa ina nuna wa Hamna, ta ce kin yi baƙi.

Tun watan Maris akwai layi ɗaya a wasiƙarki da nake son in amsa. Kika ce, "In Baffa ya ce." Ke 'yarsa ce, kin taɓa jin ya ce? Mutumin da ko kunama ce ta harbe shi, aka tambaye shi ya jiki, "jam tan" zai ce, lafiya lau. Hammanki kuwa ɗan fari ne, in suka haɗu a zaure kowa ƙasa yake kallo, a gaisa a wuce. Ni suruka ce, iyakata labule. Tun rasuwar Dada, mahaifiyarku, ke kaɗai ce mai zama a bakin shimfiɗarsa ta tambaye shi ya amsa, ke kuma kina can kina auna tsawon zangarniya.

To ciwon ya taso, kuma bai ce ba. A Satumba aka sauke shi zuwa ƙwaya ɗaya. Wanki ne ya tona shi. Na lura ya daina sa riguna masu shiga ta ka, ya tono tsofaffin nan masu maɓalli a gaba, na lokacin da yake aiki. Sannan tiren safe ya koma daɗewa a ƙofa har kunu ya yi sanyi, shi da ko ajiyewa ban gama ba yake jawowa. Na kira Hammanki. Ya sauko daga Gembu, ya tsaya a tsakar gida ya ce, kamar da iska yake magana, "Mota za ta shiga gari, ta wajen asibiti." Can sai ga Baffa ya fito da sandarsa ya shiga gidan baya na motar. Har suka je suka dawo ban san ko sun haɗa ido ba.

Gwajin jini ya nuna kumburin ya dawo. Dokta Rufus ya ƙara ƙwayar, kafin ƙarshen mako hannu ya koma kaiwa ka. Ya ce ba abin mamaki ba ne, za a sake saukowa amma a hankali fiye da da. Sai dai sukarin jininsa ya ɗan hau saboda maganin, an ce in rage masa zaƙi da gishiri.

Bai ji daɗi ba. Ranar Juma'a Tobiya mai aski na yi masa gyaran fuska a zaure, na ji yana cewa, da ƙarfi yadda zan ji, "Wannan ciwo baƙon Kano ne, ya yi sallama sau uku bai tafi ba." Na shanye, don dai ba a rama wa suruki.

Furera

*

Sintali
Yuli, 2023

Asta,

Barka da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Kowa lafiya. Yau ba maganar ciwo ba ce, ki kwantar da hankalinki. Kafaɗunsa lau, an sauke shi har zuwa rabin ƙwaya, jiya ma na hango shi yana rataye buzunsa a ƙusar nan ta sama. Ƙara na kawo miki.

Kin san yadda Baffa yake da soyayyen naman layya. Dada ce ke soya masa, bayanta ke, bara kuma ƙanwarsa ta zo daga Yola ta karɓi kaskon. Bana ne karo na farko da na soya ni kaɗai. Na yi shi irin na gidanmu, ya bushe ƙayau, da yajin da uwata ta daka. Na zaɓi tsoka mai kyau na jera masa a gefen tuwo. Kwano ya dawo. Tuwo ya cinye, miya ya suɗe, nama na nan yadda na sa shi. Washegari haka. Wani yankan ma da sawun haƙori a jiki, an fara an fasa. Na ce ko yaji ne, na yi wani ba yaji, ya dawo. Na gasa masa sabuwar masara, ita ma ta dawo, an ɗan gutsuri gefe. Amma kunu da fura, wanda mai tallar nono ke damawa, tas yake shanyewa.

Na zauna na yi tunani, na ga abin ya faro ne a makon da ya ce in ƙara masa sukari a shayi, na ce likita ya hana. Ban taɓa ce masa a'a ba sai ranar. Mutanenku dai ba sa faɗa da baki.

Ba nama kaɗai ba. Hular da na saya masa ta Sallah, zanna ce mai kyau, tana rataye ko gwadawa bai yi ba. Da ɗan mayafi sako-sako a ka ya je Idi. Ko Tobiya bai tsira ba. Ya zo aski kamar kullum, aska ta taɓa kai ke nan Baffa ya ce ya tattara kayansa. Ya fito yana ce mini, "Madam, Baba ta yi fushi da ni, ban san me na yi mata ba." Na ce ba kai kaɗai ba ne.

Na gaya wa Hammanki, ya ce in yi munyal, wato haƙurin nan naku da ba ya ƙarewa. Ni dai abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Mace ta tsaya a bakin wuta yini guda, a dawo mata da kwano ba ko uffan. In laifi na yi a gaya mini in durƙusa in ba da haƙuri. Ki kira shi ki tambaya, ke da ake amsa wa.

Furera

*

Sintali
Agusta, 2023

Asta,

Da fatan kina lafiya, mu ma haka.

Shiru ma amsa ce, na ji. Jini ya fi ruwa kauri, ban yi mamaki ba. Na daina sa masa nama, tuwo da miya kawai nake kaiwa, kwano na dawowa wayam, kowa ya huta. Ya rage fitowa zaure, jaridu sun taru a ƙofa. Ya ɗan rame, amma wanda ya ƙi nama ai dole.

Ba sai kin wahala da amsawa ba.

Furera

*

Malesiya
Agusta, 2023

Adda,

Yanzu na ajiye waya da ke da Hamma. Na san kina can kina neman mai keke, ba za ki ga wannan ba sai daga baya. Ina rubutawa ne don hannuna ya sami abin yi.

Ba bayan kowa na bi ba. Muna gonakin gwaji a arewacin ƙasar, daga asuba har duhu muna cikin taɓo. Wasiƙarki ta Yuli ta shigo, na ga layin farko ya ce ba maganar ciwo ba ce, na ce to sai na koma makaranta in karanta a natse. Yau na buɗe su biyun tare.

Adda, ba ƙin namanki yake yi ba. Taunawa ce ba ya iyawa. Dokta Rufus ya gaya mini, in ɗaya ciwon ya zo, muƙamuƙi kan gaji a tsakiyar tauna, mutum ya tsaya ya huta kamar wanda ya hau tudu. Fatar kai kuma ta ƙi taɓuwa, ko da hula, ko da aska, ko da matashi. Nama, masara, hula, Tobiya, duk abu ɗaya ne.

Kada ki tsaya tambayar Baffa a gaban likita, jam tan zai ce. Ki buɗe wasiƙarki ta Yuli ki miƙa wa likitan ya karanta yadda kika rubuta ta. Ki ce a duba idonsa yau.

Allah Ya sa ba mu makara ba. Tsoro nake ji.

Asta

*

Sintali
Satumba, 2023

Asta,

Sallama. An sallame mu, muna gida, yana samun barci kaɗan-kaɗan. Kin ji guntu-guntu a waya, ga cikakken labarin.

Ranar da kika kira, Hammanki na Gembu, ko ya taso a lokacin sai dare. Na tsaya a bayan labule na ce Asta ta ce a tafi asibiti yanzu. Na zaci zai ja. Sai ga shi ya fito. Ya miƙa ƙafa zai sa takalmi ya kuskure, ya sake ya kuskure. A nan na gane ba ya gani sosai.

Dokta Rufus ya karanta wasiƙar a wayata, har da wurin da nake ƙorafin kaskon suya, ban ji daɗin wannan ba. Ya taɓa gefen kan Baffa, tsakanin ido da kunne, Baffa ya janye. Ya ce jijiyar ta yi tauri, ba ta bugawa. Ya yi tambayoyi, Baffa ya ƙi amsawa sai da na fita. Daga baya likitan ya same ni a baranda. Wai kan Baffa ya fi wata yana ciwo, fanadol yake aikawa ana sayo masa daga masallaci. Kusan mako guda wani abu kamar labule yana sauka a idonsa na dama, ya ɗan jima ya ɗage. Shekaranjiyar ranar da muka je ya sauka bai ɗage ba. Likita ya ce, Baba, me ya sa ba ka faɗa ba? Ya ce, "Wa zan faɗa wa?"

Idon dama ya tafi. Likitan ido ya duba ya ce kada mu sa rai. Na hagu suka tsaya a kai. Ba su jira sakamakon gwaji ba, nan take aka ɗaura masa ruwa da maganin mai ƙarfi, kwana uku ana yi. Ya tsira. Yana gani da shi sosai, har ya gyara wa nas rubutun sunansa, ta rubuta Sadik ya ce Siddiq ne.

Na koma na duba wasiƙarki ta farko, babu muƙamuƙi a ciki. Na duba tawa, ga komai nan na jera da hannuna, na kira shi fushi. Mun yi kunnen doki, sai mu bar maganar. Na yi kukana a bayan ɗakin gwaji, na wanke fuska na koma ciki.

Yanzu ƙwayoyin sun zama tuli, har da na kare ƙashi da na sukari. Dokta Rufus ya ce wannan tafiyar ta fi ta farko tsawo, shekaru za a yi ana saukowa, kuma shi ma wannan ciwon yakan taso in an yi ƙasa. Ya ce gwajin jini na taimakawa, amma wani lokaci jini ya yi shiru alhali ciwon na aiki, don haka bakin mara lafiya ya fi. Na ce masa to wannan mara lafiyar ba shi da baki. Ya ce sai ki nemo masa.

Ga dabarar da na yi. Kullum da azahar ina sa masa yanka ɗaya na kilishi a gefen kwano, mai tauri, wanda sai an yi da gaske. In ya cinye, lafiya. Ranar da ya dawo, asibiti. Ban gaya masa dalili ba, amma ba yaro ba ne. Zuwa yanzu kullum babu saura.

Maganar ki ajiye karatu ki dawo, na isar ta bayan labule. Ya ce idon da ya rage na karatu ne, kada ki sa ya zauna a banza.

Furera

*

Sintali
Nuwamba, 2024

Asta,

Sallama da gaisuwa. Na ji an sa miki ranar kare takardarki, Allah Ya ba da sa'a. Hamna na gaishe ki. Ki karanta wannan har ƙarshe, ko da layin farko bai ce komai ba.

Kin san yadda shekarar nan ta kasance. Maganin mai yawa ya wahalar da shi. Ba barci, fuska ta kumbura har ya daina son fita, ƙafa ba ƙarfi, ɗan bugu kaɗan fata ta yi baƙi. Duk wata in aka rage masa ƙwaya, ranar har Tobiya sai ya ji a jikinsa, don da shi ake hira. A Oktoba ya kai ɗaya da rabi, ya fara komawa kamanninsa. Kilishi kuwa kullum babu saura, ni ma na saki jiki.

Mage ce ta ba ni mamaki. Kin san tsakaninta da Baffa sai sanda. Makon nan sai na ga da azahar ta yi, ta je ta zauna a ƙofarsa ta naɗe jela. Jiya na laɓe a kicin bayan na ajiye tire. Labule ya ɗan motsa daga ƙasa, ta shiga, ta fito da kilishina a baki ta haye katanga.

Na daɗe a tsaye da ludayi a hannu. Ban ji haushi ba wannan karon, na gane. Ya san in naman ya dawo, tulin ƙwayoyin nan ma zai dawo, shi kuma ya gaji. Na yi tunanin kiran Hammanki, na tuna zai yini a hanya, ya iso ya tsaya a tsakar gida yana magana da iska. Ke kuma a lokacin dare ne a wurinku, kuma ta waya ai jam tan za ki ji.

Na yanko wani kilishin na sa a faranti. Na yi sallama, ya amsa. Na ɗaga labulen na shiga. Asta, ban taɓa sanin launin bangon ɗakin nan ba sai jiya. Yana zaune a buzu, kwano a gabansa, hannu a cikin tuwo. Ya cire hannun da sauri ya rufe kwanon, kamar na same shi ba riga. Na durƙusa na ajiye farantin, na zauna.

Na ce, "Baffa, ku ci in gani."

Ya juyo da gefen da ke gani. Ya ce, "Kanawa, ba a yin haka."

Na ce, "Na sani."

"Fita, zan ci."

Na ce, "Mage ta ƙoshi, Baffa."

Ina jin muryar uwata a kaina tana cewa wace irin tarbiyya ce wannan. Da ya ce in fita a karo na biyu, ban san ko zan iya zama ba. Bai ce ba. Ya juya fuskarsa ga bango. Na ce daga nan ma ina ganin muƙamuƙi.

Ya ɗauka ya sa a baki. Ya fara tauna da ƙarfi, yana so ya nuna mini. Can ta ragu, can ta tsaya. Ya kai hannu ya dafe gefen fuskarsa, naman na baki bai haɗiye ba. Sannan ya cire ya ajiye a gefen faranti, ya ce, bai juyo ba, "Tun Lahadi ne. Labule bai sauka ba tukuna. Kira mai keke."

Dokta Rufus ya ce ciwon ne ya taso, ko da yake jinin bai hau sosai ba. An mayar da shi kan magani mai yawa, an ƙara wani na mako-mako wanda aka ce zai taimaka a sauko ba tare da an daɗe a sama ba. Likitan ido ba ya gari, sai jibi zai duba na hagun.

Tun da muka dawo bai ce mini komai ba, ko Kanawan. Hammanki da na gaya masa a waya ya yi salati ya ce, "Kin shiga? Kin zauna?" Na ce na shiga, na zauna, gobe ma zan shiga. In gidan nan ya ɗauke ni marar kunya, na yarda, in dai idon na nan.

Furera

*

Sintali
Disamba, 2024

Asta,

Bayan sallama. Jam tan. Wannan karo gaskiya ne, likita biyu sun shaida.

Da hannuna na rubuta wannan, ki duba layi ko ya karkace. Idon hagu na nan, an haska shi an ce babu abin da ya taɓa shi. Magani ya ƙaru. Likita ya ce ni da shi tafiya ce, ko shekara ko shekaru, zai iya lafawa, zai iya tasowa. Na daina tambayar yaushe zai ƙare. Na yi wa shanu jinya shekaru da yawa, ban taɓa ganin wadda ta gaya mini inda ke mata ciwo ba, ina ta jin haushinsu. Yanzu na daina.

Ki gama takarda. Ki ce a buga mini tawa da manyan baƙaƙe.

Matar Hammanki ba shi da kunya ko kaɗan. Kullum azahar sai ta zauna a gabana har in gama, kamar mai gadin jarrabawa. Mage ya rame. Na ce mata tun da abin ya zama haka ta riƙa zuwa da nata kwano, bai dace mutum ɗaya na ci ɗaya na kallo ba.

Sunanta Furera, na sani tun ranar ɗaurin aure. Ki gaya mata na gode. Ni ba zan iya ba.

Mahaifinki,
Siddiq

Asta, ya miƙo mini takardar nan ya ce in ɗauki hoto in tura miki, kada in karanta. In kin ga bai fito sosai ba ki yi haƙuri, sau uku ina sakewa. Kada ki gaya masa na karanta.

Furera